Kano: Yadda babban birni ke jan ragamar yankin da ke kewaye da shi

Tun daga wajejen shekara ta 2007 fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune, kamar yadda alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna. Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta cewa a biranen ne ake samar da sama da kashi 80 cikin 100 na arzikin duniya baki ɗaya.

Sai dai abin da ya fi damun mutumin ƙauye shi ne, idan birni ya bunƙasa, me zai iso gare shi? Shin gonarsa za ta ƙara daraja, ko kuwa 'ya'yansa ne kawai za su gudu su bar shi da fartanya?

A Afirka ta Yamma da wuya a samu wurin da ya fi Kano dacewa da wannan tambaya. Birnin ya shafe ƙarnoni yana zaman cibiyar ciniki, kuma abin da ya faru a kasuwanninsa kan shafi tukunyar mutanen Jigawa da Katsina da Yobe, har ma da na Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Abin da masana ke cewa

Masana tattalin arziki sun daɗe suna muhawara a kan wannan batu. A shekara ta 1890 Alfred Marshall na ƙasar Ingila ya yi bayanin dalilin da ke sa masu sana'a iri ɗaya su taru a wuri guda: ma'aikata na kusa, kayan aiki na kusa, kuma dabara kan yi naso daga wannan rumfa zuwa waccan ba tare da an biya ko sisi ba.

Daga baya, a 1957, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin Gunnar Myrdal ya ce tasirin birni fuska biyu gare shi. Ta fuska ɗaya birni yana sayen amfanin gonar ƙauye, yana yaɗa ilimi da sababbin dabaru. Ta ɗaya fuskar kuma yana zuƙe jari da matasa masu jini a jika, ya bar karkara fayau. Wadda ta rinjaya tsakanin fuskokin biyu ita ke nuna ko yankin zai ci gaba ko zai koma baya.

Tarihin Kano ya ƙunshi duka biyun.

Daga Kurmi zuwa Tarabulus

Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta kafa kasuwar Kurmi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Amma a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Kano ta sha gaban Katsina ta zama babbar kasuwar ƙasar Hausa.

Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya isa birnin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin dubu 30, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin da fatake ke shigowa. Ya kuma ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa duk shekara da wuri miliyan 300. Ana kai su Tambutu da Agadas, har Tarabulus a bakin tekun Bahar Rum.

Abin lura a nan shi ne, akasarin wannan aiki ba a cikin ganuwa ake yinsa ba. Manoma ne ke shuka auduga da baba, mata ke kaɗi a cikin gidaje, masaƙa suna ƙauyuka, kuma manyan karofi suna garuruwa irin su Kura da Bunkure. Rawunan da Abzinawa ke ji da su a Kura ake rina su, a buga su har su yi ƙyalli. Birni shi ne ya haɗa waɗannan hannuwa da mai saye na nesa, shi ne kuma ya samar da dillali da fatoma da mai ba da bashi.

Fataken goro ma, irin su Agalawa da Tokarawa, da yawansu a garuruwan karkarar Kano suke da zama, daga nan suke tashi zuwa Gwanja. Zuriyar wasunsu na nan har yau a zangunan ƙasar Ghana.

Ba za a manta ba kuma cewa wani kaso na wannan arziki a kan gumin bayi aka gina shi, waɗanda ke noma a rinjoji da gandayen sarakuna da na attajirai.

Akwai wata alaƙa tsakanin birnin da ƙauyukansa da ba a cika ambata ba, ita ce ta taki. Masanin nan ɗan Birtaniya Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shigo da itace da hatsi cikin birni da safe, su koma da mangalolin taki da toka da shara da yamma. Da wannan taki ne manoman da ke zagaye da birnin suka riƙa noma gonakinsu kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, duk da cunkoson jama'ar da ba shi da na biyu a wannan sashe na Afirka. Wato juji na birni shi ne albarkar gona.

Dogo da dalar gyaɗa

Turawan mulkin mallaka sun ci Kano da yaƙi a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga jigila zuwa Legas a 1912.

Burin Turawa shi ne su sami audugar da za ta ciyar da masaƙun Ingila. Manoma suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Cikin shekaru biyu kacal gyaɗar da ake fitarwa ta ƙaru ninkin-ba-ninkin.

'Yan kasuwar da suka saba da fataucin goro su ne suka shiga ƙauyuka suna raba kuɗi da gishiri da tufafi don a noma musu gyaɗa. Fitacce a cikinsu shi ne Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya yi cinikin goro a ƙasar da ake kira Ghana a yau kafin ya dawo gida, kuma ya rasu a 1955 ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya fi kowa arziki a Afirka ta Yamma.

Dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Kuɗin gyaɗar ne ya shiga baitulmalin En'e, aka samar da ruwan famfo da wutar lantarki a birnin a farkon shekarun 1930. Jirgin sama na farko ya sauka a Kano a 1925, daga bisani filin jirgin ya zama zango ga jiragen da ke ratsa Sahara da kuma masu zuwa aikin Hajji.

Manoman kudancin Nijar ma sun shiga wannan harka, domin ta Kano da layin dogon Najeriya ne aka riƙa fitar da kaso mai yawa na gyaɗar Maraɗi da Damagaram zuwa teku.

Amma manomi bai ci moriyar guminsa yadda ya kamata ba. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a ƙarshen shekarun 1940 sun riƙa biyansa ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar kuma ta tafi ga ayyukan da akasarinsu a birane aka yi su. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, su suka rushe dalar.

Masana'antun da suka yi shiru

A tsakanin shekarun 1960 da farkon 1980 Kano ita ce ta biyu bayan Legas wajen yawan masana'antu a Najeriya. An ware unguwannin Bompai da Sharaɗa da Chalawa, inda aka kafa masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da na alewa da na robobi da na kwanuka. Dubban matasa daga ƙauyuka sun sami aikin albashi a karon farko, suna aika kuɗi gida.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amura suka juya. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Sannan atamfofi masu araha daga ƙasar Sin suka mamaye kasuwa. Masana'antu da dama suka rufe, wasu gine-ginensu suka koma rumbunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje.

Matsalar wuta tana da nasaba da inda Kano take. Manyan tashoshin samar da lantarki na Najeriya suna kudu ne, ko kuma a madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, don haka sai wutar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso tashar Kumbotso. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, Kano da jihohin da ke maƙwabtaka da ita sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara duk suka zauna.

Akwai kuma ƙaurar jari. Biyu daga cikin manyan attajiran Afirka, Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, haifaffun Kano ne daga gidajen kasuwanci na birnin, amma hedikwatar kamfanoninsu tana Legas, kusa da tashar jiragen ruwa da manyan bankuna. Abin da Kano ke yi wa ƙauyukanta, shi Legas ke yi wa Kano.

Dawanau da sauran kasuwanni

Duk da durƙushewar masana'antu, kasuwa ba ta mutu ba. Hasali ma a yau ta nan ne tasirin Kano ya fi fitowa fili.

Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, ana kallonta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓorodo suna shigowa daga kasuwannin ƙauye na Jigawa da Yobe da Bauchi da Katsina da Nijar. Daga nan wake ke gangarawa kudancin Najeriya, gero ya haura Nijar da Chadi, riɗi ya tafi ƙasashen Asiya, zoɓorodo kuma ya ƙetare teku zuwa Meziko. Hukumomin agaji na duniya ma sukan sayi hatsi a nan.

Amfanin irin wannan kasuwa ga manomi shi ne tabbacin mai saye. Wanda ya shuka riɗi a wani lungu na Jigawa bai san kowa a Japan ba, kuma ba ya bukatar ya sani. Ya ishe shi ya san cewa ranar kasuwar garinsu yaran wani dillali daga Dawanau za su zo da ma'auni da kuɗi a hannu. Shigowar wayar salula daga 2001 ta ƙara ƙarfin wannan alaƙa, domin yanzu manomi na iya jin farashin Dawanau kafin ya kwance bakin buhunsa.

Sai dai ƙarfin ba ɗaya ba ne. Manomi yakan sayar da kaka, lokacin da hatsi ke da araha, saboda bashi da hidimar aure da kuɗin magani. Mai rumbu a birni shi ke iya jira har bazara. Wannan ne ya sa duk lokacin da abinci ya yi tsada ake zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, su kuma suna cewa ajiya ita ce sana'arsu, ba don ita ba da babu hatsin da za a samu a tsakiyar damina.

Kantin Kwari kuwa ita ce kasuwar tufafi, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari. Singa ta kayan masarufi ce, 'Yankaba ta kayan miya, Ƙofar Ruwa ta kayan gini da na gyaran mota, Ƙofar Wambai ta gwanjo da robobi. A gefe guda kuma ga kasuwannin dabbobi na Wudil da Ɗambatta da Maigatari, waɗanda ke tattara shanu da raƙuma da tumaki kafin a loda su zuwa kudu.

Mai kanti a wani ƙaramin gari na Yobe ko Zamfara, in aka bi diddigin kayansa, galibi za a tarar ta ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni suka biyo, sau da yawa ma bashi aka ba shi bisa amana, ba takarda ba shaida. Shi ya sa gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a 2016 ba Kanawa kaɗai ta taɓa ba.

Ƙetaren iyaka

Daga Maraɗi zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 250 ce, alhali zuwa Yamai, babban birnin Nijar, ta haura kilomita 600. Damagaram ta fi haka nisa da Yamai. Saboda haka a harkar ciniki waɗannan birane biyu sun fi fuskantar kudu, kuma naira tana yawo a kasuwanninsu tare da sefa.

Alhazan Maraɗi sun yi arziki ne da wannan kusanci. Suna tura dabbobi da wake da fata zuwa Najeriya, su sayo hatsi da kayan masana'antu. Wasunsu kuma sun ƙware wajen shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ratsa da su Nijar, su shigar Najeriya ta Jibiya. Ta wannan hanya ce atamfa da shinkafar waje da dama suka iso kasuwannin Kano, abin da ya azurta wasu a ɓangarorin biyu na iyaka, ya kuma taimaka wajen kashe masaƙun cikin gida.

Yunwar da aka yi a Nijar a 2005 ta nuna hatsarin dogaro da kasuwa guda. An yi ƙarancin ruwan sama da farin ɗango a 2004, amma abin da ya tsananta lamarin shi ne tashin farashi a arewacin Najeriya. A shekarun da aka saba, hatsi daga Kano ke cike giɓin Nijar. A wannan karon farashin Najeriya ya fi tsoka, don haka hatsin bai haura ba, wani ma gangarowa ya yi. Jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka a matsayin rumbun ƙasar, tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Akwai abinci a kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Tun daga lokacin ne ƙungiyoyin da ke sa ido kan yunwa a yankin Sahel suka ƙara mai da hankali ga farashin Dawanau, da kuma hanyar Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi.

Siyasa ma takan datse wannan jijiya. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Manoman shinkafa da masu injinan casa a Kano sun ji daɗin matakin, masu saye da 'yan kasuwar kan iyaka kuwa sun ji jiki. Bayan juyin mulkin da aka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum a ranar 26 ga watan Yulin 2023, an sake rufe iyakar a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, aka kuma yanke wutar da Najeriya ke bai wa Nijar. Sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A watan Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar.

Ruwan Tiga: wa ya samu, wa ya rasa

An ƙirƙiro jihar Kano a 1967, kuma gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya sa gina madatsun ruwa a gaba. Mafi girma ita ce ta Tiga da aka kammala a 1974, wadda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga ita ne aka ja magudanan da ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure.

Wannan aiki ya sauya rayuwar yankin. Garuruwan da a da matasansu ke tafiya ci-rani sun koma karɓar 'yan ci-rani. Ana noman tumatir da albasa da alkama da rani, shinkafa da damina, kuma Kura ta zama cibiyar casar shinkafa da ake zuwa saye daga sassa daban-daban na ƙasar. Kusancin birni, da titin Kano zuwa Zariya da ya ratsa yankin, su suka sa noman ya zama na kuɗi.

Duk da haka tumatir na ruɓewa a gona idan kasuwa ta cika. Kamfanin sarrafa tumatir da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha tsayawa da aiki, wani lokaci saboda ƙwarin da suka cinye gonaki a wannan shekarar, wani lokaci saboda rashin daidaito kan farashi tsakaninsa da manoma.

Can ƙasa kuma, inda kogin ke gangarawa, labarin daban ne. Fadamun Haɗeja da Nguru sun dogara ne da ambaliyar da ke zuwa kowace shekara, wadda ke ciyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa. Madatsar Tiga, da ta Chalawa da aka kammala a 1992, sun rage wannan ambaliya, suka kuma sauya lokacin zuwan ruwa, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa da cinye gonaki. Nazarce-nazarcen da aka gudanar a shekarun 1990 sun nuna cewa asarar da mutanen ƙasa suka yi tana iya zarce ribar da na sama suka samu. Waɗannan mutane, a Jigawa da Yobe, ba su da murya a inda ake yanke shawarar sakin ruwa.

Makaranta, asibiti da harshe

Ba ciniki kaɗai ke kawo mutane Kano ba. Jami'ar Bayero, wadda ta samu cikakken matsayin jami'a a 1977, ta horar da malamai da alƙalai da likitoci da 'yan jarida da ke aiki a duk faɗin arewa. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ƙashi na Dala, da asibitin Murtala, suna karɓar marasa lafiya daga jihohin maƙwabta da kuma Nijar. Wannan alheri ne, amma kuma alama ce ta cewa ƙwararrun likitoci sun taru a wuri guda, mai naƙuda a ƙauye kuwa sai ta yi tafiyar sa'o'i kafin ta iske su.

Karin harshen Kano shi ne ginshiƙin daidaitacciyar Hausa da ake rubutu da watsa labarai da ita. Littattafan adabin kasuwar Kano na shekarun 1980, da finafinan Hausa da suka kankama daga 1990, sun kai maganar birnin da adonsa da salon bikinsa har Agadas da Kumasi da Sudan.

Hanyar da ke kai alheri ita ke kai akasinsa. Lokacin da gwamnatin jihar ta dakatar da rigakafin cutar shan-inna a 2003 saboda jita-jitar cewa an gurɓata maganin, kafin a dawo da shi a watan Yulin 2004, ƙwayar cutar ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da a baya suka rabu da ita, har da Yaman da Indunusiya. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga nau'in ƙwayar cutar na asali, wato na daji.

Rayuwa a cikin birnin kansa

Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9 da dubu 400, adadi mafi yawa a Najeriya, kodayake Legas ta yi jayayya da sakamakon. Kusan miliyan 3 daga ciki suna ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni ne, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Ƙiyasin baya-bayan nan na nuna mazauna birnin sun haura miliyan 4.

Kowace shekara, da an gama girbi, dubban 'yan ci-rani ne ke shigowa. Su ne 'yan garuwa da 'yan dako da masu wankin takalma da leburorin gini da masu gadi. Abin da suka tara da rani shi ke sayen taki da iri, ko ya cike giɓin rumbu idan damina ba ta yi kyau ba. Ga gidaje da yawa a karkarar Nijar da arewacin Najeriya, birni shi ne madogara ta biyu bayan gona. Rikicin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, da na Boko Haram a arewa maso gabas, sun ƙara yawan waɗanda suka shigo ba da niyyar komawa ba. Ita ma Kano ta ɗanɗana, musamman a harin 20 ga watan Janairun 2012 da ya hallaka mutane aƙalla 185, ya kuma sa baƙin 'yan kasuwa suka ɗauke ƙafa na wani lokaci.

Birnin ya faɗaɗa fiye da yadda aka tsara masa. An yi masa taswirar ci gaba ta shekara 20 tun a 1963, amma unguwanni da yawa sun tashi ne a filayen awon igiya, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta. Ruwan da matatun Tamburawa da Chalawa da Watari ke samarwa bai kai bukata ba, shi ya sa talaka ke sayen jarka a hannun ɗan garuwa da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Dattin majemu da na masana'antu yana kwarara cikin kogin Chalawa da rafin Jakara, inda wasu ke ban-ruwan latas da kabejin da za a dawo da su kasuwa. Gonakin da Mortimore ya yi nazari a kansu kuwa, da yawa sun zama fulotai.

Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2017 ya bayyana biranen Afirka da cewa suna da cunkoso, sassansu ba su haɗe da juna ba, kuma rayuwa a cikinsu na da tsada. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cikin jerin adaidaita-sahu a Kantin Kwari ko Kurna zai gane abin da ake nufi.

Amma duk da haka mutane na ci gaba da zuwa, kuma alƙaluma sun nuna dalili. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta fitar a 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, ya gano cewa kashi 72 cikin 100 na mazauna karkara matalauta ne, a birane kuwa kashi 42. Wannan bincike dai shi ne ya nuna cewa jihar Kano tana da irin waɗannan matalauta fiye da miliyan 10, adadin da ya zarce na kowace jiha.

Wani ɓangare na matsalar shi ne kuɗin shiga. Akasarin cinikin Kano ba ya shiga littafin gwamnati, kuma harajin da jihar ta tara a cikin gida a 2022 bai kai kashi 1 cikin 10 na abin da Legas ta tara ba. Ga ƙananan hukumomi 44 da ke jiran a yi musu hanya da asibiti daga wannan ɗan abin da kuma kason da ke zuwa daga Abuja.

Ayyukan da aka sa wa ido

Manyan ayyuka uku ne masu lura da al'amura ke ganin za su iya sauya matsayin birnin. Na farko shi ne bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 da nufin samar wa masana'antu makamashi. Sai tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023 domin 'yan kasuwa su riƙa kammala harkar kwastan a gida maimakon Legas, kodayake amfaninta ya rataya ne ga samun jirgin ƙasa mai aiki a kai a kai, domin tsohon layin 1912 ya daɗe da gajiya.

Na ukun shi ne layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, aka kuma bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Masu suka, musamman a kudancin Najeriya, sun ce bai kamata a ci bashi a shimfiɗa dogo zuwa wata ƙasa ba alhali akwai manyan biranen cikin gida da ba su da shi. Masu goyon baya kuma na cewa ɗan guntu ne kawai na layin zai shiga Nijar, kuma zai iya karkato da kayan ƙasar daga Kwatano zuwa tashoshin Legas. Bisa tsarin aikin, layin zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tare da reshe guda zuwa Dutse.